Ɓarawon da Ya Tuɓe Takalmi

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, aka tarar an ɓalle kwaɗon ƙofar baya ta shagon Madubi Informatik da ke bakin Birni. Ordinatar shida, wato kwamfutoci, na jere a kan tebur, ba a taɓa ko ɗaya ba. Abu guda aka ɗauke, wani ɗan baƙin akwati da bai fi sandar sabulu girma ba. Amma kafin la'asar mutanen da suka taru a ƙofar shagon sun fi na gidan rasuwa, har da masu kuka.

Bari in koma baya kaɗan, 'ya'yana, kada in bar ku a duhu. Kun san shekarar da ruwa ya yi wa Damagaram ɓarna, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa kamar ana jiƙa gari. Takardun gidajen mutane, na ajami da na zamanin Nasara, duk suka sha ruwa. Zahra'u, ma'aikaciyar shagon, ita ta bi gida gida tana roƙon tsofaffi su ba ta ta ɗauki hotonsu a na'ura tun tawada ba ta gama narkewa ba. Gida ɗari biyu da goma sha huɗu suka ba ta. Daga baya takardun suka yi funfuna suka ruɓe a cikin adaka, hotunan kawai suka rage, kuma duk suna cikin wannan akwati. Ga shi ana ta raɗe-raɗin za a zo sake awon filayen da suka rushe, wanda ba shi da takarda sai ya nemi mai rantse masa.

Mai shagon, Suma'ila, ya daɗe yana cewa zai sayo akwati na biyu a kwafe komai a ciki. Yau babu kuran, wato wutar lantarki, gobe hanyar Kano ba daɗi, har shekara ta zagayo. Sai a makon nan akwatin ya iso. Zahra'u kuwa ita ke aika wa abokan hulɗar shagon saƙon murya ta waya duk Alhamis, suna ce masa Labaran Madubi. A ciki take gaya musu sabuwar dabarar 'yan damfara, da yadda ake sabunta waya, da abin da ya shigo shago. To a saƙon wannan Alhamis ta ce, cikin murna, "Iyayena, albishirinku. Jibi Asabar za mu kwafe takardunku a wuri na biyu, daga nan ko wuta ko ruwa ba abin da zai same su." Ba a kai Asabar ɗin ba.

"Ke kika karɓa, ke za ki fito da su," in ji wata tsohuwa a ƙofar shagon tana nuna Zahra'u da carbi.

"Wa ya sani ko sayar da su aka yi," in ji wani daga baya.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Alhaji Ado, dattijon unguwa mai sandar azurfa, wanda ba a ɗaura aure a Birni ba ya wurin. "Wannan cin amana ne," yake cewa, yana buga sanda a ƙasa. "A nemo ɓarawon ko a ina yake." Ƙanwarsa Hajiya Lubabatu, gwauruwa, tana zaune a dakalin shagon. Tun da ɗakinta ya faɗi take raɓe a gidan 'yarta.

An je kumsariya wurin 'yan sanda, an rubuta, an ce a jira. Zahra'u ba ta jira ba. Ta roƙi Suma'ila ya hana kowa taka bayan shagon, ta hau kabu-kabu ta tafi ɗauko kakanta.

*

Malam Yakuba mai bin sawu ya kai saba'in da biyar. A zamaninsa, in aka kore shanu a Takieta, shi ake kira, ya bi su har bayan Mirriya ya ce ga gidan da suka kwana. Yanzu an shafe gari da siminti da daɓen duwatsun da ake ce wa pave, ɓarayi sun koma babur, shekara shida ba wanda ya yi masa sallama don aiki. Ta same shi yana gyaran igiyar akuya.

"Amaryata ce da la'asar haka? Ko kin gane samarin zamani ba su da ta ido kin dawo?"

"Tsoho, yau ba wasa na zo ba."

Ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, ya ajiye igiyar. Da ta gama ba shi labari ya ce, "Ni ban san akwatinku ba. Amma wanda ya ɗauke shi ai ba tashi ya yi sama ba ko?"

"Da ƙafa ya zo."

"To ɗauko min hulata."

A kan hanya yana riƙe da kafaɗar mai babur yana tunani. Yarinyar nan shi ya tsaya aka bar ta a lakkwal tana karatun boko lokacin da kowa ke cewa ya isa. In akwatin bai fito ba, ba aikinta kaɗai zai tafi ba. A garin nan in aka ce mace ta ci amanar tsofaffi, har jikokinta za a gaya wa.

*

An yi yayyafi da hantsi, ƙasar bayan shagon tana da laima, ta riƙe sawu kamar an buga hatimi. Malam Yakuba ya tsuguna ya daɗe. Ya bi sawun da ido daga lungu zuwa ƙofa, ya koma ya sake bi.

"Namiji ne, ba yaro ba. Gwiwarsa ta hagu na ciwo, yana jin tsoron ɗora mata nauyi. Ya saba da sanda amma yau ya baro ta a gida, dubi inda ya dafa bango, nan, da nan." Ya matsa bakin ƙofa, sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Suma'ila, zo ka ga abin da ban taɓa gani ba. Ɓarawonku ya tuɓe takalmi."

Ga shaidar takalman nan biyu a jere gefen ƙofa, an ajiye su cikin ladabi kamar a ƙofar masallaci. Suma'ila ya ce ai dokar shagon ce, ba a shiga ɗakin na'ura da takalmi saboda ƙasa.

A ciki, ƙafar da ta taka laima ta bar tabo a siminti. Sawun ya tafi kai tsaye zuwa teburin akwatin, bai waiwayi komai ba. A gaban teburin kuwa tabon ya yi yawa, ƙafa a kan ƙafa, dama, hagu, dama.

"A nan ya tsaya. Ya daɗe. Ɓarawo da rana tsaka, ana gab da sallame salla, me ya tsayar da shi?"

Ya dubi teburin. Wayar akwatin tana kan tebur, an naɗe ta da kyau an ɗaure da roba. Sawun ya fita, ya bi lungu taku arba'in, ya hau pave ya ɓace. Malam Yakuba ya tsaya a bakin paven yana dubansa kamar wanda aka rufe wa ƙofa.

*

Kafin gari ya waye unguwa ta riga ta yanke hukunci. Rabi sun ce Ɗanƙarami ne, gardin da ke gadin shagon, don kawai a Kara-Kara yake kwana, unguwar da ake wa kallon matattarar ɓata-gari. Rabi sun ce Mahamud ne, Bakanon da ke sayar da tsofaffin kayan na'ura a shagon da ke jingine da nasu.

Malam Yakuba ya fara da Ɗanƙarami. Sunan ne kawai ƙarami, ƙato ne mai furfura a gemu.

"Ina kake lokacin salla?"

"Baba, ina masallaci, ina zan kasance? Patron Suma'ila da kansa ya ce in riƙa zuwa Juma'a, wai ba mai sata a wannan lokaci." Ya share gumi. "Shekara tara ina gadin nan, ko allura ba ta ɓata ba. Amma da an ce Kara-Kara shi ke nan, an gama shari'a. Jiya matata ta je famfo aka janye bokiti daga kusa da nata."

"Taka nan in gani."

Ya taka. Ƙafa kamar faranti, lafiyayya. Malam Yakuba ya ce ya tafi abinsa.

Mahamud kuwa ya tarbe shi da shayi da baki.

"Baba, wallahi da ni ɓarawo ne da na fi wannan hankali. Ga ordinatar shida, in bar su in ɗauki akwatin takardun da ba zan iya karantawa ba? Ni ko fili ba ni da shi a garinku, haya nake."

"An ce an ga irin akwatin a shagonka."

"Guda tara gare ni, duk matattu. Ka kwashe su ka kai musu, in sun ga takardar kakansu a ciki ni ma a ba ni ɗaki ɗaya."

Shi ma ƙafarsa ba ita ba ce. Amma maganarsa ta zauna wa tsohon a rai. Wanda ya bar ordinatar shida ba sayarwa ya zo yi ba. Akwai abin da ba ya so a gani.

*

Da azahar ya sa Zahra'u ta zauna a tabarmarsa ta kunna masa saƙonninta na baya, ɗaya bayan ɗaya. Ya ji ta tana cewa kada a ba kowa lambar sirri ko da ya ce daga kamfanin waya yake. Ya ji tana cewa in hadari ya taso a zare komai daga bango.

"Ashe haka kike da surutu. Gara da ban tare da ke ba."

"Saurara dai, tsoho."

A saƙo na bakwai muryarta ta ce, "Iyayena, masu irin wannan akwati a shagunansu, kada ku fizge waya, yana lalata abin da ke ciki. Ku danna maɓalli, ku karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a natse, koren fitilar zai mutu. Sannan ku zare, ku naɗe wayar, kada ku lanƙwasa ta."

"Tsaya. Maimaita."

Ta maimaita. Malam Yakuba ya rufe ido. Dama, hagu, dama. Mutum mai ciwon gwiwa yana tsaye yana karatu, yana jiran fitila.

"Ana iya sanin wanda ya saurari wannan?"

"Wayar tana nunawa." Ta duba. "Mutum talatin da takwas."

"Ashe ku ma kuna da sawu. Karanto min su."

Tana karantawa yana zubar da su da yatsa, wannan mace ce, wannan yaro ne, wannan yana Makka. Da ta zo kan wani suna sai ta yi murmushi.

"Alhaji Ado. Shi ne ɗalibina na ɗaya. Kafin in ajiye waya ya saurara, kuma sai ya aiko da Allah ya yi albarka. Har gyara wa mutane yake a majalisa."

Malam Yakuba ya daina lissafi da yatsa. Jiya a ƙofar shago, cikin ɗaruruwan ƙafafu, ya ga wani sawu da ke tausaya wa hagu, da ɗigon sanda a gefensa, ya kawar da kai don bai so ya gani ba.

"Takardar gidansu tana ciki?"

"Tana ciki. Hajiya Lubabatu ce ta kawo ta, a ƙunshe cikin tsumma. Rubutun mahaifinsu ne, ya raba gidan, ya ba ta ɓangaren gabas." Ta tsaya. Murmushin ya tafi. "Tsoho, a'a."

"Ban ce komai ba, amarya."

*

Ranar Lahadi da hantsi aka taru a zauren mai unguwa Abdul'aziz. Ga Suma'ila, ga Ɗanƙarami, ga Mahamud, ga Zahra'u a bakin ƙofa. Dattijai huɗu suna zaune a matsayin shaidu, Alhaji Ado a cikinsu. Malam Yakuba ya sa an kawo sabon akwatin nan da bai samu abin kwafa ba, aka ɗora a kan tebur aka kunna, koren fitila na ƙiftawa. Tun da farko ya barbaɗa rairayi mai laushi a gaban teburin, ya ce don santsi.

"Ranka ya daɗe, ni jahili ne a wannan fanni. So nake kowane ɗayansu ya ɗauko min akwatin nan, in ga yadda ake ɗaukarsa."

Ɗanƙarami ya zagaya teburin sau biyu ya ce shi tsoron kuran yake, a kashe shi ma ba zai taɓa ba. Aka yi 'yar dariya. Mahamud ya taso da takalminsa, ya kai hannu zai fizge wayar kamar mai cire rogo.

"Kai, kai, kai!" Alhaji Ado ya ɗaga sanda. "Kai da kake sayar da su ba ka san yadda ake yi ba? Haka ake lalata kayan mutane."

"To Alhaji a nuna mana mana," in ji Malam Yakuba a hankali.

Alhaji ya jingine sandarsa, ya miƙe, ya dafa bango. A bakin rairayin ya zame takalmansa ya jera su gefe. Ya danna maɓalli. Leɓɓansa suka fara motsi. Gwiwa ta dame shi, ya koma dama, ya gwada hagu, ya koma dama. Fitila ta mutu. Ya zare wayar, ya naɗe ta a yatsu huɗu, ya duba teburin yana neman roba.

Sai a nan ya ji shirun zauren.

Malam Yakuba ya tsuguna a gaban rairayin. "Na ga wannan rubutun shekaranjiya a simintin Suma'ila. Ba na karanta boko, Alhaji, amma wannan ban taɓa kuskurensa ba. A wane sahu ka yi Juma'a?"

Ɗaya daga cikin dattijan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wurinsa a sahun gaba babu kowa. Na ɗauka gwiwar ce."

Alhaji Ado ya zauna a ƙasa, ba a kan buzunsa ba. Wayar tana hannunsa har yanzu.

"Shekara talatin ina gaya wa 'ya'yana gidan nawa ne ni kaɗai. Ban san Lubabatu ta ajiye takardar ba sai da na ji ta kai shago. Na ce in aka kwafe ta wuri biyu shi ke nan, za a karanta ta a gaban 'ya'yana." Ya dubi Zahra'u. "Tawa kaɗai nake so, 'yata. Na kai akwatin gida na rasa ta inda ake fitar da guda ɗaya."

"Baba Alhaji, ina yake?" in ji Zahra'u. "Ka kashe shi daidai, bai lalace ba. Ka ba ni kawai."

"Da na ji ana kuka a ƙofar shago tsoro ya kama ni. Na sa taɓarya. Sauran na zuba a tafki."

Aka aika aka tsamo abin da aka samu. Suma'ila ya juya gutsattsarin a tafin hannunsa, ya girgiza kai. Gida ɗari biyu da goma sha huɗu.

*

To, 'ya'yana, da a tatsuniya ne da nan zan ce gaskiya ta yi halinta. Amma mai unguwa ya sa aka rufe ƙofar zaure, dattijai suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Da suka gama ya ce, in maganar nan ta fita, kafin magariba an ƙone gidan Alhaji da 'ya'yansa a ciki, kuma takarda ko ɗaya ba za ta dawo ba. Za a ba Lubabatu ɓangaren gabas a asirce. Ga jama'a kuwa, a ce baƙon ɓarawo ne, sawu ya ɓace a pave.

"Jikata fa?" in ji Malam Yakuba. "Da wannan bawan Allah na Kara-Kara?"

"Za mu ce ba su da hannu."

"Ranka ya daɗe, in ba a nuna wa mutane mai hannu ba, ai ba sa sakin wanda suka riƙa."

"Malam, ka yi aikinka, Allah ya biya ka. Saura namu." Aka kawo Alƙur'ani, kowa ya dafa. Malam Yakuba ya dubi Zahra'u, ta sunkuyar da kai ta dafa, shi ma ya dafa.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Aka ce ba ta da hannu, mutane suka ce to, amma wa ya yi shela cewa Asabar za a kwafe? Wannan kuwa ba ta da amsarsa. Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Ɗanƙarami ya koma dako a tasha. Bayan wata biyu Suma'ila ya ce zai rufe ya koma Yamai wurin wansa.

Alhamis ta ƙarshe Zahra'u ta zo gidan kakanta, ta zauna a tabarma ta ɗauki saƙo a gabansa. Ta ce shago zai rufe ranar Litinin, mai kaya a wurinsu ya zo ya karɓa. Ta ce duk abin da mutum yake ƙauna kada ya ajiye shi wuri ɗaya, kuma kada ya jira Asabar. Ta nemi gafara, ta aika.

Suka zauna. Ya ba akuya dusa, ya dawo. Ya so ya tsokane ta da maganar tarewa, ya ga ba wurin. Da aka kira la'asar ya ce, "Duba sawun naki. Mutum nawa?"

Ta duba, ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta miƙa masa, ko da yake ta san ba ya karantawa.

"Mutum ɗaya, tsoho. Ya ce Allah ya yi albarka."